Masu busa bakwai za su iya ɗaukar labarin Sarauniya?

Malamin kiɗa, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani aiki da ya hana ni sukuni tun bayan ƙaramar salla. Ina koya wa wasu matasa busa a nan Damagaram, irin wadda muke kira fanfar, mutanen Kano kuma su ce badujala. A takarda mu goma sha ɗaya ne, amma ban taɓa ganin ranar da muka cika ba, domin wani yana makaranta, wani yana tsaron shagon mahaifinsa, wani kuma da zarar damina ta faɗi sai ya koma ƙauye noma. Kayanmu su ne tarampet biyu, kilarinet biyu, saksofon alto ɗaya, tarambon ɗaya, da wata tsohuwar tuba wadda igiya ce ke riƙe da ita, sai ganguna.

Niyyata ita ce in tsara kiɗa na kamar minti takwas a kan littafin Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin Sarauniyar garin Lugu da ta yi yaƙi da ayarin sojojin Faransa. Ba zan rubuta wa kowane kayan busa nasa rabo ba. Zan rubuta muryoyi biyar ne kawai, daga mafi siriri zuwa mafi kauri, yadda duk wanda ya zo ranar zai ɗauki muryar da ta dace da abin da ke hannunsa. Murya ta ɗaya kilarinet na iya ɗaukarta, tarampet ma haka, ta huɗu kuwa ko tarambon ko saksofon teno idan Allah ya ba mu. Tambayata ita ce, shin irin wannan rubutu mai sassauci zai iya ɗaukar labari mai nauyi haka, ko kuwa ya fi dacewa da ƴan waƙoƙin buɗe taro?

Tsohon mai busa tarampet, Birni:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru masu yawa a cikin fanfar kafin haƙora su sallame ni, saboda haka ka yi haƙuri idan na fara da abin da ba ka so ji ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kayan busa ma haka suke. Kilarinet yana iya yin raɗa, yana iya yin makoki, tarampet kuwa ko ka lallashe shi sai ya nuna cewa a filin fareti aka haife shi. A labarin da ka zaɓa akwai ɓangarori biyu da suka fuskanci juna, wato Sarauniya da mutanenta a Lugu, da ayarin sojojin Faransa. Duk wanda ya ji tarampet zai ce ga sojojin Nasara nan tafe, ba sai an gaya masa ba. To, idan yau kilarinet ne ya ɗauki muryar Sarauniya, jibi kuma mai kilarinet bai zo ba ka miƙa wa tarampet, ka sa Sarauniya ta yi magana da bakin abokin gabarta ke nan. Ban ga yadda mai sauraro zai gane wane ne wane ba.

Ɗan Damagaram mai karatun kiɗa a Beljiyam:
Baba ya taɓo ainihin wurin da ke ciwo, kuma akwai misalin da ke goya masa baya. Mafi shahara a cikin kiɗan ƙungiyar busa da aka gina a kan littafin ƙagaggen labari shi ne sinfoni, wato dogon kiɗa mai sassa da yawa, na farko na Johan de Meij, mutumin Holan, wanda ya ɗauko daga littafin The Lord of the Rings na marubucin Ingila Tolkien. An fara kaɗa shi a Burussel a 1988, yana da sassa biyar, kuma an rubuta shi ne domin babbar ƙungiya mai cikakkun kaya. A sashe na uku, wanda ke siffanta wata halitta mai suna Gollum, saksofon soprano ne ke ɗauke da maganar, kuma sirantar muryarsa da karkacewarta su ne halin wannan halitta. Idan ka ba tarambon wannan wuri, waƙar tana nan, amma mai halin ya tafi.

Sai dai rubutu mai sassauci bai fito daga son rai ba, larura ce ta haife shi. A Japan, inda makarantun sakandare da yawa ke da ƙungiyar busa, raguwar haihuwa ta sa ƙungiyoyi da yawa sun ƙanƙance, sai masu buga takardun kiɗa suka shiga fitar da ayyuka masu murya biyar ko shida. Gasar ƙananan ƙungiyoyi ta can ma mutum uku zuwa takwas take karɓa. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, da aka hana tara yara da yawa a ɗaki ɗaya, manyan mawallafan kiɗa a Amurka irin su Frank Ticheli sun koma rubuta irin wannan. Abin da ya zo musu a matsayin gaggawa, mu shi ne halinmu na kullum.

Malamin kiɗa, Sabon Gari:
Na gode, Baba, na gode ƙanena. Domin waɗanda ba su karanta takardar kiɗa ba, bari in bayyana cewa sassaucin yana da nasa wahalar. Idan mai tarampet ko mai kilarinet ya karanta do ya busa, abin da ke fita wani sauti ne daban, si bemol, idan kuma mai saksofon alto ya karanta do, mi bemol ne ke fita. Saboda haka kowace murya sai na kwafe ta sau biyu ko sau uku, kowa da tasa takardar, kuma dole waƙar ta tsaya a cikin iyakar da duk masu iya ɗaukarta za su kai, alhali yaran tarampet ɗina ba su daɗe da farawa ba, sama tana ba su wuya. Wannan duka aikin hannu ne, zan iya. Maganar Baba ce ban sami amsarta ba.

Malamar adabi, Zango:
Malam, kafin a kai ga wane ne zai busa me, ina ganin ya kamata a tambayi abin da kake son ɗauka daga littafin. Idan nufinka shi ne ka bi shi babi bayan babi, daga ƙuruciyar Sarauniya har zuwa ƙarshen ayarin, minti takwas ba za su ishe ka ba, kuma abin da zai fito zai yi kama da yaron da ke ba da labarin fim ɗin da ya kalla yana haki. Shi kansa Mamani ba tarihi ya kwafa ba. Ya ɗauki abin da ake faɗa da baki a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi game da yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, ya haɗa da abin da aka rubuta a kan ayarin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka jagorance shi, sannan ya gina mace wadda ta fi ƙarfin abin da takardun Faransa suka ce a kanta. Med Hondo ma da ya mai da littafin fim a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987, ya zaɓa ya kuma zubar.

A nawa karatun, abin da ya fi ƙarfi a labarin ba ranar gwabzawar ba ce. Abin da ya biyo baya ne, wato yadda mutanen Lugu suka janye cikin daji, aka ci garin amma ba a ci su ba, tsoro kuma ya shiga zukatan sojojin haya har ayarin ya fara cin kansa. Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka nasu sojojin suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, ragowar ayarin kuma shi ne ya shigo mana Damagaram a ƙarshen wannan wata. Labarin nan bai tsaya a Arewa ba, a ƙofar gidanmu ya sauka. Kiɗa ba ya iya faɗin kwanan wata, amma yana iya nuna tsari yana rushewa sannu a hankali, kuma a nan nake ganin ƙarfinka yake.

Jikan mai algaita, Birni:
Ina neman afuwar manya, ni ban san do da re ba, amma a gidan busa na tashi, kuma ina mamakin yadda aka yi nisa ba a ambaci take ba. A wajenmu kowane mai sarauta, kowane ɗan dambe, kowane manomin da ya isa, yana da takensa. Idan aka buga taken mutum da kalangu zai miƙe, idan aka busa shi da algaita zai miƙe, idan yaro ya yi shi da fito a kan hanya ma zai waiwaya. Ba muryar kayan ce ke kiransa ba, hawa da saukar maganar ne da kuma yadda aka jera bugun, domin harshenmu da kansa yana hawa yana sauka, kuma makaɗi wannan yake bi. Kakana yakan busa kirari, dattawa su mayar masa da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, alhali bai buɗe baki ba.

Saboda haka, Baba, da girmamawa, ina ganin damuwarka ta Turawa ce. Su ne suke rataya halin mutum a kan muryar kaya, tun da kiɗansu ba ya magana. Idan Malam ya tsara wa Sarauniya gajeren kirari da Hausa, ya bi hawansa da saukarsa ya mai da shi take, to ko da tuba aka busa shi Sarauniya ce.

Tsohon mai busa tarampet, Birni:
Yaro, ka faɗi gaskiya a rabi, kuma rabin da ka faɗa mai kyau ne. Na yarda take yana tsira ko an sauya masa baki. Amma ka manta cewa dattawan da ke mayar wa kakanka da kalmomi sun san kirarin tun suna goye. Kirarin da Malam zai ƙirƙira jiya da dare babu wanda ya san shi, saboda haka babu kalmar da za ta faɗo wa kowa a rai. Sannan ba ka gaya mini yadda za a yi da sojojin ba, su da ba su da kirari.

Ɗalibin jami'a mai busa kilarinet:
Baba, idan an ba ni dama, ina ganin sojojin sun fi sauƙi, kuma kai ka fi kowa sanin dalili. Begilar soja ba ta da maɓallai, sautukan da take iya fitarwa ƙalilan ne, wato do, sol, do, mi, sol, kuma duk kiraye-kirayen bariki daga cikinsu aka gina su. Duk kayan da ya yi tsalle a kan waɗannan sautuka, ganga kuma tana buga tafiyar soja ta taki 120 a minti, kunne zai ce bariki ne ko da kilarinet ne ke yi. Idan taken Sarauniya yana tafiya a kan sautuka biyar irin na waƙoƙinmu, da bugu mai rausaya irin na gida, nasu kuma yana tafe a miƙe kamar an ja layi, ba za a rikita su ba. Rushewar da Malama ta ambata ma tana iya fitowa daga nan: a bar tafiyar sojan ta riƙa rasa taki, murya ɗaya ta riga, wata ta makara, har ta watse.

Game da kirarin da ba a sani ba, me zai hana masu busa su ajiye kayansu su faɗe shi da baki sau biyu a farkon kiɗan, ganga tana amsawa? Daga nan mai sauraro ya riƙe shi. Ina kuma ba da shawarar a sa algaita ta gaske da kakaki a sashen ƙarshe, domin abin ya zama namu sosai.

Jikan mai algaita, Birni:
Shawarar faɗin kirari da baki ta yi, amma kakaki a bar shi inda yake. Kakaki na sarki ne, ana busa shi a ƙofar fada da ranar hawan salla, ba a ɗaukarsa a kai dandalin wasa domin a ƙawata kiɗa, kuma babu mai busa shi da zai yarda ya bi ku ko da kun roƙa. Algaita tana da sauƙi ta wannan fuska, tun da tana zuwa biki, sai dai tana da nata sharaɗin. Kowace algaita da yadda maƙerinta ya huda ta, ba a daidaita ta da kayan Turawa ba, kuma mai busa ta ba ya yanke numfashi, yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, sautin yana tafiya babu tsayawa. Idan kuka haɗa ta da kilarinet a kan waƙa ɗaya za ku ji kamar kishiyoyi a tsakar gida. Idan ana son ta, a ba ta fili ita da ganga kawai, sauran su yi shiru, ko kuma tuba ta riƙe mata sauti ɗaya a ƙasa bayan an nemo wanda ya dace da ita.

Ɗan Damagaram mai karatun kiɗa a Beljiyam:
Maganar take ta burge ni ƙwarai, kuma abin dariya shi ne a nan ana koya mana wani abu mai kama da shi a matsayin babbar dabarar Wagner, mawallafin kiɗa na Jamus, alhali na baro shi a ƙofar gidanmu. Amma ina jan hankalin Yaya Malam a kan abu biyu. Na farko, idan algaita ta zama dole, an kashe sassaucin, domin ranar da mai algaita ya tafi biki kiɗan ya tsaya. A rubuta wurin nata yadda saksofon alto zai iya maye gurbi. Na biyu ya fi muhimmanci. Murya biyar a takarda tana nufin mutum biyar a ƙalla, kai kuma ka ce ba ka taɓa ganin ranar da kuka cika ba. Jituwar sautuka irin ta Turawa tana dogara da sauti uku a tare, kuma idan mai riƙe da na tsakiya bai zo ba sai a ji abin ya zama fanko. Gara ka gina kiɗan a kan ginshiƙi uku da ba a taɓawa, wato mai jan waƙa, mai amshi, da mai riƙe ƙasa, sauran biyun su zama ƙari da ke cika wuri idan an samu. Wannan shi ne tsarin makaɗanmu tun asali, uban kiɗa da ƴan amshi, kuma sautuka biyar suna da halin cewa ko ka jera su a kan juna ba sa faɗa sosai. A takardar kowa kuma ka rubuta muhimman wuraren maƙwabcinsa da ƙananan baƙaƙe, domin ya cike gurbi idan babu shi.

Malamar adabi, Zango:
Ina da ƙarin magana biyu, ɗaya ta haƙƙi, ɗaya ta ladabi. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, kuma littafinsa yana da magada. Yaƙin Lugu tarihi ne, ba mallakin kowa ba, amma idan za ka sa sunan littafin a kan aikinka, ko ka karanta wani yanki nasa a gaban jama'a, ya kamata ka tuntuɓi hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, wato BNDA, ka ji abin da ya wajaba. Ta ladabin kuwa ita ce, sarautar Sarauniya ba ta mutu ba, Lugu tana nan da mutanenta da al'adunsu na Azna. Kada a je a ɗauko kiɗan da suke yi domin ibadarsu a zuba a cikin fanfar saboda a burge masu kallo. Dalilin da ya sa aka ce a bar kakaki a fada, shi ne ya sa wannan ma a bar shi a wurinsa. Ka ƙirƙiri naka.

Ban kuma yarda gaba ɗaya da ɗalibinmu ba a kan raba kiɗan gida biyu, namu mai rausaya, nasu miƙaƙƙe. Mafi yawan waɗanda suka riƙe bindiga a ayarin nan baƙaƙen fata ne, tirayo, wato sojojin Afirka na Faransa, da aka ɗebo daga yamma, ga kuma ɗimbin ƴan dako da matan da aka kama a hanya. Idan tafiyar sojan ta fara watsewa, ina so in ji wata waƙar gida tana ɓullowa daga cikinta, ba daga wajenta ba.

Malamin kiɗa, Sabon Gari:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban amsa da wuri ba ne domin na so in gwada tukuna. Ranar Asabar mutum biyar suka zo: kilarinet ɗaya, tarampet biyu, tarambon da mai ganga. Na rubuta gajeren take da tafiyar soja, kamar minti biyu, a kan ginshiƙi uku. Mun faɗi kirarin da baki, sannan kilarinet ya ɗauka, daga baya na juya na ba tarampet. Yaran da ke leƙe ta taga sun ci gaba da faɗin kalmomin a duka biyun, saboda haka ta wannan fuska jikan mai algaita ya yi gaskiya. Amma Baba ma bai faɗi ƙasa ba, domin da tarampet ya ɗauki taken sai ya fito da wata taƙama wadda ban nufa ba, Sarauniyar ta zama mai shela maimakon mai haƙurin jira a daji. Da na sa yaron ya cusa tsumma a bakin tarampet ɗin ya juya wa masu sauraro baya, abin ya yi dama.

Matsalar da ban hango ba ita ce gajiya. A babbar ƙungiya wasu suna hutawa wasu suna busa, mu kuwa da yake kowa shi kaɗai ne a muryarsa, kafin minti biyu su cika leɓɓan masu tarampet sun mutu. Ga zafin rana da ke sa sautin kayan ya hau, ga bushewar iska da ta sa harshen karan kilarinet ya ƙi kamawa sai da aka jiƙa shi. Idan minti biyu sun yi haka, ban san yadda takwas za su kasance ba. Shawarar Malama ta waƙar gida a cikin ayari kuma ban gano murya ta nawa zan ɗora wa ba, tun da duk ukun suna da aiki a wurin.

Tsohon mai busa tarampet, Birni:
Tsumma a bakin tarampet tsohuwar dabara ce, mu da hula muke yi, amma ka tabbata yaron ya ƙara sauraron kansa, domin toshewar tana karkatar da sauti. Maganar gajiya kuwa laifin takardarka ne, ba na leɓɓan yara ba. Mai rubuta wa ƙaramar ƙungiya dole ya rubuta hutu kamar yadda yake rubuta sauti. Ka raba aikin gida uku ko huɗu gajeru, ka bar ganga da muryar baki su riƙe tsakani, kuma kada mai kayan tagulla irin su tarampet ya yi busa mai tsawo ba tare da ka ba shi inda zai sauke kayan daga bakinsa ba. Daren da sojoji ke kwance suna jin ganguna daga daji ba ya bukatar busa ko ɗaya, ka ga ka sami minti guda kyauta, kuma watakila shi ne wurin da zai fi tsorata mutane.

Waƙar gidan da Malama ke nema, ka ba mai amshi. Shi ne ke bin umarnin murya ta ɗaya tun farkon tafiyar, saboda haka ranar da ya daina amsawa ya kama tasa waƙar, kowa zai gane abin da ya faru a Maijirgi ba tare da an faɗa ba. Har yanzu dai ina kan bakana cewa idan akwai kilarinet a wurin, kada a ba tarampet Sarauniya, kuma ina so ka rubuta haka a saman takardar. Asabar mai zuwa da ƙarfe nawa kuke farawa? Idan bayan la'asar ne zan sa jikana ya kawo ni a babur, ka kuma ajiye mini tubar nan in duba abin da ya sa ake ɗaure ta da igiya.